Dutsen Kabarin Daeng Tompo

Mijina Daeng Tompo ba mai son baƙi ba ne. Lokacin yana raye, in ya hango wani ya doshi matakalar gidanmu, nan take zai tuna ragarsa na neman ɗinki, ya sulale ta baya ya bar ni da dafa kofi da jan zance. To sai ga shi bayan ya mutu, dutsen da aka kafa a kansa ya koma gidan haya, babu kalar halittar da ba ta tare a ciki ba.

Tsohuwar maƙabartar tsibirinmu tana gefen yamma, kuma daga yamma muguwar iska take zuwa. Kowace shekara teku na gutsurar gaɓa kaɗan-kaɗan, har ta iso kan matattu. Da igiyar ruwa ta fara tono likkafani, masu 'ya'ya maza suka fito da shebur suka kwashe nasu zuwa tsakiyar tsibiri. Ni 'ya ɗaya Allah ya ba ni, Nurlia, ita ma tana aure can Nunukan, tafiyar kwanaki a jirgin ruwa. Aka ce in yi haƙuri a gama da na bakin ruwa tukuna, kabarin Daeng Tompo yana ciki-ciki, ba gaggawa. A shekarar iska ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Kafin ta lafa ruwa ya shanye wurin gaba ɗaya, aka koma cewa a jira ruwa ya ja baya. Ina nan ina jira har gashina ya gama yin fari.

Mu a nan ba mu da wani dutse sai na murjani, wanda ake fasowa daga ƙasan teku a shanya shi ya yi fari tas. Da shi ake tushen gida, da shi ake yi wa kabari alama. Na Daeng Tompo babba ne, yana da ƙaho biyu da wani rami da ya ratsa shi, hannuna na shiga har wuyan hannu. In ruwa ya janye sosai, kan ƙahonin nan kan leƙo sama, sai in tattare zanina in shiga in nufe su. Ban taɓa bukatar wata alama ba, kuma da ma babu ita. Bishiyoyin kwakwar da ke wurin duk sun faɗi, gaɓar ma ba ta tsaya inda take ba.

Ruwan kan tsaya mini a gwiwa. In zura hannu a ramin, in karanta abin da na iya, sannan in ba shi labarin gari: wa ya haihu, wa ya rasu, jirgin wa ya ɓace, yadda rufin kicin ke yoyo. Yana raye ma ba amsawa yake yi ba, don haka ban ga wani babban canji ba. A gida kuwa sai in wuni bakina bai buɗe ba in ba salla ba. Ba na ɓoyewa, kaɗaici ya ci ni, kuma dutsen nan shi kaɗai ne wurin da nake zuwa in ji akwai wanda na zo wurinsa.

A kan idona dutsen ya farfaɗo. Farin ya tafi, wani ɓawo ruwan hoda da shunayya ya lulluɓe shi. Tsutsotsi masu gashi a ka suka fito daga ƙananan ramuka suna buɗewa, in inuwata ta faɗa musu su shige. Wata 'yar ƙaguwa ta kama ɗaki a gindin ƙahon dama, mai faɗa kamar ta biya kuɗin shekara. Har tsokanarsa nake yi, in ce, "Daeng, yau ta ina za ka sulale?"

Irin wannan dutsen ne Aji Baha, wani ɗan kasuwa a tsibirinmu, yake saye. Dutse mai rai, haka ake ce masa. Mutanen birni da na ƙasashen sanyi suna zuba ruwan gishiri a akwatin gilashi su sa kifaye masu launi, kuma wai in ba a sa musu irin wannan dutsen ba, ruwan kan lalace kifin ya mutu, don 'yan halittun da ke cikinsa ne ke cinye dauɗar. Aji ya gina rumfa a gefen gabas, ya jera tankunan siminti, injin na jan ruwan teku dare da rana. Masu nutso su kawo dutse, mata su kankare abin da ya fara ruɓa da buroshi, a bar shi a tanki har wari ya fita, sannan a naɗe da jiƙaƙƙiyar jarida a zuba a fararen kuloli, jirgi ya kai birnin Makassar. Ni ban taɓa sa ƙafa a rumfar ba. Ba wani abu ya hana ni ba, surutun matan ne ba na iyawa.

Ana saura 'yan kwanaki azumi ya kama, lokacin da kowa ke kai wa nasa ziyara. Gari ya watse zuwa sabuwar maƙabarta da butoci da furanni da yankakken ganyen pandan mai ƙamshi. Ni ma na cika butata, na jira ruwa ya janye, na nufi yamma ni kaɗai. Na san abin dariya ne mutum ya ɗauki ruwa a buta ya je ya zuba a teku, amma haka ake yi wa mamaci, kuma nawa bai fi na kowa lalacewa ba.

Na tsaya a bakin ruwa na duba, ban ga ƙaho ba.

Na ce ko ruwan bai gama sauka ba ne. Na zauna a kan yashi na jira har ciyawar teku ta kwanta a fili, har tsuntsaye suka sauka suna tsince-tsince. Babu ƙaho, babu ma sauran duwatsun da masu kwashe matattu suka bari a warwatse. Wurin ya yi fes kamar an share tsakar gida. Ruwa ba ya tsami banza, kuma igiyar da ta kasa ɗaga dutsen nan shekara da shekaru ba za ta ɗaga shi cikin kwanciyar iska ba. Na ajiye butar a nan, na ratsa tsibirin da ƙafa ba takalmi har rumfar Aji.

Daeng Bollo ce ta fara ganina (mu a nan Daeng laƙabin girmamawa ne, ga mace ko namiji). Tare muka taso da ita, kuma tun muna 'yan mata bakinta ba ya rufuwa. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne, buroshi a hannu, ta ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji.

"A'a! Jama'a ku fito ku ga wata sabuwa. Daeng Caya ce da kanta! Aiki kike nema, ko miji? In miji ne kin makara, mun raba."

Matan suka kwashe da dariya. Na ce, "Wa ya kwashe duwatsun yamma?"

"Wace yamma kuma? Ko sallama babu?"

"Tsohuwar maƙabarta. Wa ya kwashe?"

Wani mutum da ke sauke kwando a bakin tanki ya juyo. Sattu ne, mijin 'yar ƙanwar Bollo, wanda aure ya kawo shi tsibirinmu daga wajen Selayar bai daɗe ba. Da mai nutso ne da tiyon iska a baki, har ruwa mai zurfi ya shanye masa ƙafar hagu. Yanzu ba ya iya zurfi, sai dai ya bi bakin gaɓa yana jan ƙafa yana tsintar abin da ya samu.

Ya ce, "Ni ne, Gwaggo. Lafiya dai?"

"Kai ne? Uban wa ya ce ka taɓa su?"

"Wallahi sai da na tambaya. Na tambayi Aji, na tambayi surukata, har liman na tambaya. Kowa ya ce an kwashe mutanen wurin tuntuni, duwatsu ne kawai suka rage."

"An kwashe kowa?"

"Haka aka ce mini, Gwaggo. Kowa da kowa."

Buroshin Bollo ya tsaya. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, ta kai jiƙaƙƙen hannu ta rufe baki. "Innalillahi," ta ce. "Daeng Tompo."

Ba Sattu ne ya ƙona mini rai ba, baƙo ai ko da ido makaho ne. Waɗannan ne, da suka ci kifin mutumin nan, suka ari ragarsa, suka ɗauki makararsa a kafaɗa, a ce duk cikinsu ba wanda ya tuna yana nan. Kuma suna ganina ina shiga ruwan nan duk sanda ya janye. Daga baya Bollo ta ce wai sun ɗauka kaguwa nake kamawa.

Aji Baha ya fito daga ɗan ofishinsa da farar hula da tumbi, yana gyara zani. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya hau salati yana shafa gemu.

"Daeng Caya, wannan kuskure ne, kuma namu ne duka. Ki kwantar da hankalinki. Gobe-goben nan in sa a zuba miki na siminti, mai kyau, har da suna."

"Ka zuba wa kanka. Nawa nake so."

"To ai duwatsun da yawa, kin ga..."

"Mai ƙaho biyu da rami a tsakiya."

Bollo ta saki wani ɗan kuka. "Wayyo ni! Ni na wanke shi da hannuna. Har na ɗaga shi ina cewa ga kan saniyar layya."

Aji ya yi gyaran murya ya kalli ƙasa. Ya ce dutse mai siffa irin wannan ba a haɗa shi da na kula. Akwai wani Koh Aseng mai shagon kifin ado a Makassar da ke son irinsu, kuma da yake dutsen ba shi da ruɓa, bai daɗe a tanki ba, jirgin shekaranjiya ya tafi da shi. Ya ciro waya ya kira, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, shiru. Ya ce in bari zuwa jibi yaransa za su shiga birni.

Na ce, "Kafin jibi ya hau jirgin sama ya tafi ƙasar da ban san sunanta ba? Da safe zan tafi."

Sattu ya ce, "Zan raka ki, Gwaggo. Ba za ki iya ɗaukarsa ba."

Na juya na fice daga rumfar.

Da yamma na kira Nurlia. Na yi mata bayani tun daga farko, tana ta "uhm, uhm", ina jin ƙarar talabijin da kukan yaro a bayanta. Da na gama ta ce, "Inna, dutse ne fa. Addu'a ai ko daga ina tana isa. Kada ki je ki wahalar da kanki a ruwa da ciwon gwiwar nan." Na ce to. Ta ce za ta kira ni in yaron ya yi barci. Gaskiya ta faɗa, na sani, amma na fi son a ce ta yi kuka.

Jirgin kifi muka bi da sassafe, ni da Sattu da kwandunan ƙanƙara. Da muka yi nisa, sai Sattu ya miƙo mini soyayyiyar ayaba a leda ya ce matarsa ce ta ce a ba ni. Na karɓa don yunwa, ba don na huce ba. Can ya ce, "Ni ma ubana teku ce ta riƙe shi. Ba mu samu ko hularsa ba." Na dube shi, ya kawar da kai yana murza matacciyar ƙafarsa. Sai na raba ayabar biyu na mayar masa da rabi.

Shagon Koh Aseng sanyi gare shi kamar cikin randa, da shuɗin haske ta ko'ina, da ƙarar ruwa na zuba. Ban sha wahalar nema ba. Yana bakin ƙofa, a cikin akwatin gilashin da ya fi kowanne girma, an ɗora shi a tsakiya a kan farin yashi.

Duk shekarun nan daga sama nake ganinsa, ta cikin ruwa mai motsi. Ban taɓa ganinsa ta gefe ba, ban san haka yake da kyau ba. Shunayyar nan tana ƙyalli, tsutsotsin duk sun baje gashinsu, wani kifi ruwan ɗorawa yana shiga ta ramin da nake sa hannu yana fita ta ɗaya gefen. Wani mutum da matarsa da 'ya'yansu sun kewaye gilashin, ƙaramar na kan kafaɗar uban tana nuni da yatsa, uwar na ɗaukar hoto. Tun ranar da aka binne Daeng Tompo ba a taɓa taruwa a kansa haka ba. Na tsaya a bayansu da zanina mai warin kifi, sai na ji kamar ni ce baƙuwar. Kishi ne ya kama ni, ba wani abu ba, kishin mutanen da ko sunansa ba su sani ba.

Koh Aseng ɗan siririn tsoho ne mai tabarau a goshi. Ya taho da fara'a yana goge hannu, ya kira ni Ibu, yadda ake kiran mace babba a birni. "Ibu, kin ga abin da idonki ke so? Wannan ba na sayarwa ba ne fa, na ado ne. Shekara nawa ina neman mai siffa irin wannan."

Na ce, "Na mijina ne."

"Mijinki ne ya nutso shi? Kai, ki gaishe shi, yana da ido."

"Yana ƙarƙashinsa. Ko in ce da yana ƙarƙashinsa, kafin a ɗauko."

Ya kalle ni, ya kalli Sattu. Sattu ya sunkuyar da kai ya yi masa bayani a hankali. Ina kallon fuskar tsohon nan tana sauya launi har ta kusa komawa kalar yashin akwatin.

"Kabari? Dutsen kabari? A shagona? A bakin ƙofa?" Ya dafe ƙirji. "Shi ya sa! Tun da ya shigo famfo ya ƙone, matata ta zame a banɗaki. Baha zai kashe ni! Mutumin nan sai ya ga bayana!"

Na ce, "Kada ka ɗora wa mijina. Yana raye ma bai taɓa ture kowa a banɗaki ba."

Bai ji ni ba. Ya riga ya hau kujera, ya zura hannu biyu cikin ruwan da rigarsa da agogonsa, kifaye na tarwatsewa. Masu kallo suka ja 'ya'yansu suka fice. Shi da Sattu suka ciro dutsen yana zubar da ruwa suka sa a kula. Sai tsohon ya haɗa tafin hannu ya rusuna wa kular har sau nawa, yana magana da yarensu, sannan ya juyo ya rusuna mini. Ya kawo jarida zai jiƙa, na ce a'a, ba za a naɗe shi da hotunan 'yan siyasa ba. Na ciro zanin da nake salla da shi daga jaka, na tsoma a ruwan akwatin na lulluɓe shi. Ya cika mana jarka da ruwan gishiri ya ce in riƙa yayyafawa a hanya, kada rana ta taɓa shi, in ya bushe duk abin da ke jikinsa zai mutu ya yi wari. Har bakin titi ya rako mu, shi ya tsayar da mota, yana ta cewa in roƙa masa gafara wurin maigidan.

A jirgin komowa kular na tsakanin ƙafafuna, ina yayyafa ruwa ina leƙawa. 'Yar ƙaguwar nan tana nan a gindin ƙahonta, ta je birni ta dawo ba ta biya ko sisi ba. Na yi dariya ni kaɗai har matuƙin ya waiwayo. Rabon da in ji daɗi irin na wannan yammacin har na manta. Mun iso ruwa ya cika, don haka dutsen ya kwana a tankin Aji, ni kuma na yi barci har da minshari.

Washegari ita ce jajibirin azumi. Ruwa ya janye da hantsi, Sattu ya rungumo dutsen a ƙirji, muka nufi yamma. Bollo ta biyo mu, da liman, da wasu tsofaffi da kunya ta taso. Na shiga gaba, zani a tattare, ina tafiya da ƙarfina kamar kullum. Na yi nisa kaɗan sai ƙafata ta rage sauri. Na duba gabana, yashi ne da ciyawa. Na duba dama, yashi ne da ciyawa. Ashe duk shekarun nan ƙahon nake bi, ban taɓa sanin wurin ba.

Na juya na ce, "Sattu, a ina ka ɗauke shi?"

Ya tsaya yana haki, ya waiga nan ya waiga can. "Gwaggo, da ruwa a cike na zo, a kwalekwale. Nutsawa nake ina ɗaukowa ina lodawa, kwalekwalen na yawo. Ina jin... wajen can ne. Ko kuwa nan."

"Ba rami? Inda ya zauna shekara da shekaru ba zai bar rami ba?"

"Yashi ne, Gwaggo. Cika ɗaya yake shafewa."

Daga bakin gaɓa Bollo ta ƙwalla, "Ku yi dama! Kusa da na Daeng Sikki yake, ni na sani, ina tsaye a wurin ranar!"

Wani tsoho ya ce, "Ke tafi can, na Daeng Sikki ai yana gindin kwakwa."

"Wace kwakwar? Mai lanƙwasa ko ɗayar?"

"Wadda ta faɗi."

"Duka ai sun faɗi, tsohon banza!"

Suka hau gardama, wannan na nuna kudu, wancan na nuna arewa, kowa na rantsuwa. Liman ya ɗaga hannu ya ce ƙasa duk ta Allah ce, a ajiye shi ko'ina, niyya ita ce gaba. Na san don ya sauƙaƙa mini ya faɗa. Shi nasa iyayen suna tsakiyar tsibiri, an kewaye su da bulo an shafa fenti.

Rana ta yi sama. Ɗaya bayan ɗaya suka fara zamewa, wannan zai je yanka kaza, waccan ta bar shinkafa a wuta, gobe azumi. Bollo ce ta ƙarshe, ta ce za ta aiko mini da miya. Aka bar mu mu biyu a cikin ruwa.

Sattu bai ajiye dutsen ba. Yana rungume da shi yana kai da kawo, yana jan ƙafar nan tana tona yashi, ya je can ya dawo, ya tsaya ya lalube ƙasa da yatsun ƙafarsa mai lafiya, ya sake gaba. Ina kallon sawun da yake bari a ƙarƙashin ruwa, layi a kan layi, ya cakuɗe wurin duka. Sai wani tunani ya faɗo mini.

"Tsaya!"

Ya tsaya cak.

"Kada ka ƙara ɗaga ƙafa. Kana taka shi."

Ya dubi ƙafafunsa. Ni ma na dubi nawa, sun nutse a yashi har idon sawu. Tun muna yara aka hana mu taka kabari, in ka kuskura ma sai an ja maka kunne. Ga ni tun hantsi ina zagaye a nan, kuma ba abin da zai ce mini ba a kan ƙirjinsa nake tsaye ba, ko a kan fuskarsa. Mutumin da tsawon zamanmu ban taɓa tsallake ko ƙafarsa yana kwance ba.

Ruwa ya fara dawowa, ya wuce gwiwa. Dutsen ya yi wa Sattu nauyi.

"Gwaggo, a ina zan ajiye?"

Na waiga dama da hagu. Sannan na ce, "Ajiye shi inda kake."

Ya durƙusa a hankali ya kafa shi, ya danna gindin cikin yashi, ya zare zanina ya miƙo mini. Ban matsa na karɓa ba, sai da ya jefo. Dutsen ya zauna daram, ƙahoninsa a sama, kyakkyawa, a kan wurin da wataƙila babu kowa. Na ce wa Sattu ya yi iyo ya fita, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya kwanta a kan ruwan da bai kai ƙugu ba, ƙaton mutum, ya ja jiki da hannu har gaɓa.

Ni ban iya iyo ba. An haife ni a tsakiyar teku, na tsufa a cikinta, ban taɓa koya ba. Dole da ƙafa zan fita, kuma na san in na fita ba zan ƙara shigowa ba, don babu ta inda zan bi in zo wurinsa ba tare da na bi ta kansa ba.

Sai na yi yadda ake yi in za a wuce ta gaban babba yana zaune. Na rusuna, na sauke hannun dama ƙasa har ya shiga ruwa, na ɗaga ƙafa a hankali na ajiye.

"Gafara, Daeng."

Na sake ɗaga ɗayar.

"Gafara, Daeng."

Gaɓar da nisa, ruwan na ƙaruwa, Sattu na tsaye a kan yashi ya juya mini baya don kada ya ga fuskata. Haka na yi ta faɗa, taki bayan taki, har na fita.